Himeji, Matsumoto ko Osaka: wace tsohuwar fada ta cancanci ranarka a Japan?

Da yawa daga mutanenmu da ke zuwa Japan ba yawon buɗe ido ne ke kai su ba. Wani taro ne ya kai shi, wani kwas na 'yan makonni, wani karatu, wani kuma cinikin motoci da kayan gyara. In an gama abin da aka je yi, da ƙyar mutum ya samu kwana ɗaya ko biyu na kansa, kuma a nan ne abokan aiki kan ce masa kada ya kuskura ya koma gida bai ga ɗaya daga cikin tsofaffin fadodin sarakunan yaƙin ƙasar ba. Shawararsu tana kan hanya. Sai dai in ka ɗauki waya ka duba hotuna, duk kamarsu ɗaya za ka gani: tushe na manyan duwatsu, hasumiya mai rufi hawa-hawa, gwalalo cike da ruwa, furanni a gaba. Hoto ba zai gaya maka wacce ta haura shekara 400 a tsaye da katakonta ba, wacce kuma aka zuba da kankare a ƙarnin da ya wuce. Uku aka fi nuna wa baƙo, Himeji da Matsumoto da Osaka. Ra'ayina tun daga farko shi ne, mai ƙoshin lafiya da ke da yini guda ya nufi Himeji. Amma akwai waɗanda wannan shawara ba ta dace da su ba, kuma saboda su ne maganar ke buƙatar a warware ta.

A ƙarni na 16, lokacin da sarakunan yankuna da ake kira daimyo ke ta gwabzawa da junansu, kagarori da fadodi sun cika ƙasar. Yau manyan hasumiyoyi 12 kacal suka rage da gininsu na asali. A 1615, bayan gidan Tokugawa, zuriyar shugabannin mulkin soja da ake kira shogun, ya gama kama ragamar mulki, ya kafa doka cewa kowane daimyo fada ɗaya zai riƙe a ƙasarsa, sauran a rushe. A 1873 gwamnatin Meiji, wadda ta kawo ƙarshen mulkin mayaƙan gargajiya da ake kira samurai, ta miƙa wasu ga soja, wasu kuma aka yi gwanjonsu aka ɓamɓare katakon. Sannan ruwan bama-bamai na 1945, a Yaƙin Duniya na Biyu, ya ƙone hasumiyoyin Nagoya da Okayama da Wakayama, bam ɗin nukiliya ya rusa ta Hiroshima. Tsawa da gobara su ma sun ci rabonsu tun kafin nan. Bayan yaƙi birane da dama suka sake tayar da nasu da kankare, waje kamar na da, ciki kuma gidan tarihi na zamani. Daga cikin 12 ɗin nan, biyar ne gwamnati ta ba matsayi mafi girma na taskar ƙasa: Himeji, Matsumoto, Hikone, Inuyama da Matsue. Hasumiyar Osaka ba ta cikin biyar ɗin, ba ta ma cikin 12.

Duk wanda ya taɓa shiga tsohon soron ƙasa mai azara a Kano ko Damagaram, ya ji sanyinsa da ƙanshinsa, ya san ba ɗaya yake da ginin siminti da aka yi wa zayyanar gargajiya a fuska ba, ko da daga nesa ido ba zai raba su ba. To, haka lamarin yake a nan.

Himeji tana jihar Hyogo, yamma da Osaka. Daga tashar Shin-Osaka jirgin ƙasa mai tsananin gudu na Shinkansen na kai mutum cikin kusan rabin awa, jirgin kamfanin JR mai sauri na yau da kullum kuma kusan awa ɗaya daga tashar Osaka, da kuɗi mai sauƙi sosai. Kana fitowa ta ƙofar arewa ta tashar, ba ka buƙatar tambayar kowa hanya. Titi ne mai faɗi miƙaƙƙe, tsawonsa kusan kilomita ɗaya, fadar kuma tana can ƙarshensa a kan tudu, fara sol. Farin nan ne ya sa ake mata laƙabi da fadar balbela. Filasta ce mai kauri da aka shafe bango da ita har da tsakanin tayil ɗin rufi, kuma amfaninta na farko hana wuta ci ne, ado ya biyo baya. An fara kafa kagara a wannan tudu tun ƙarni na 14. Toyotomi Hideyoshi, jagoran yaƙin da daga baya ya haɗe Japan, ya gina hasumiya mai hawa uku a 1581. Wadda ake gani yanzu aikin Ikeda Terumasa ce, surukin Tokugawa Ieyasu da ya kafa mulkin gidan Tokugawa, wanda aka ba ƙasar bayan yaƙin Sekigahara na 1600, ya yi ginin daga 1601 zuwa 1609. An ƙone yawancin birnin Himeji a hare-haren 1945, fadar ta tsira. Girgizar ƙasar Kobe ta 1995 ma ba ta kayar da ita ba. A 1993 ta shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO, cikin rukunin farko daga Japan.

Abin da ya ɗaga Himeji sama da sauran shi ne ba hasumiya kaɗai ta rage ba. Gine-gine fiye da 80 ne a tsaye: ƙofofi, ganuwoyi, ƙananan hasumiyoyi, rumbuna, dogayen baranda. Saboda haka kafin ka kai ƙofar hasumiyar, sai ka bi ainihin hanyar da aka tsara wa maƙiyi. Ka shige ta babbar ƙofar Hishi, hasumiyar tana gabanka kamar ka miƙa hannu ka taɓa, amma hanya sai ta kauce. Ka hau gangara tsakanin bango biyu, ka juya, ka ga hasumiyar ta koma bayanka. Ƙofofin suna ta ƙanƙancewa, har akwai wadda dogon mutum sai ya sunkuya, kuma a samanta akwai ɗaki inda mai gadi zai iya kai wa na ƙasa hari. A wani wuri hanyar takan ɗan gangara ƙasa, don wanda ya san sama ya nufa ya zaci ya ɓata. Bangon da ke gefenka cike yake da kafofi, wasu zagaye, wasu masu kusurwa uku, wasu masu huɗu, na bindiga da na kibiya. Ka tsaya ka leƙa ta ɗaya daga ciki: a ɓangarenka tana da faɗi, a waje ta tsuke, mai harbi yana iya juya bakin bindigarsa yadda ya so alhali na waje ɗan rami kawai yake gani. Ba a taɓa gwabza babban yaƙi a wannan fada ba, shi ya sa dabarun suka zo mana cif yadda aka tsara su.

Akwai wani ƙaramin abu da mutane kan wuce ba su lura ba. A jikin tushen dutse, kusa da hanyar shiga hasumiya, an rufe wani ɗan farin dutse da raga ta waya. Ɓarin dutsen niƙa ne. Labarin da ake bayarwa shi ne, lokacin da duwatsu suka yi wa Hideyoshi ƙaranci, wata tsohuwa mai sayar da abinci ta kawo dutsen niƙanta ta ce a sa, jama'a suka ji labari suka yi ta kawo nasu. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, ƙarancin dutsen gaskiya ne, domin a cikin bangon an samu har akwatunan gawa na dutse daga tsofaffin kaburbura da gindin fitilun dutse, duk an cusa su a gini.

A ƙofar hasumiya za a miƙa maka leda ka sa takalminka ka riƙe. Daga waje rufi biyar ake gani, ciki kuwa hawa shida ne da ɗakin ƙasa. Ginshiƙai biyu manya, kowanne ya haura mita 24, suna ratsa benayen daga ƙasa, kuma za ka iya dafa su. Na yamma an musanya shi a babban gyaran 1956 zuwa 1964, da gungume biyu da aka haɗa baki. An sake wani gyaran daga 2009 zuwa 2015, wanda ya mayar da farin ya zama sabo. A bango akwai maratayan mashi da bindiga, akwai ɗan dandamali da mayaƙi ke hawa don ya kai taga, akwai ƙananan ɗakuna na ɓuya a kusurwoyi. A hawan ƙarshe akwai ɗan wurin bauta na addinin Shinto. Ba wanda zai nemi ka yi wani abu a gabansa, ka wuce ka leƙa taga ka ga birni har zuwa teku. Wanda ya sauko kada ya yi gaggawar fita. Ɓangaren yamma, Nishinomaru, yana da doguwar baranda ta katako fiye da mita 200, ɗakunan bayi mata jere a gefe, a ƙarshenta ɗakin Senhime, jikar Ieyasu. Mutane sun fi ƙaranci a can, kuma daga farfajiyarsa ne ake samun mafi kyawun hoton hasumiyar.

Laifin Himeji shi ne kowa ya san da ita. A lokacin furen sakura, ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, da makon hutun ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, layin shiga hasumiya kan kai awa ɗaya ko fiye, kuma a cikin benen sai dai ka bi sahu, na baya na jiranka. Maganin wannan ɗaya ne: ka kasance a bakin ƙofa da ƙarfe tara na safe, a ranar aiki. Kuɗin shiga ma ya tashi. Ya daɗe a yen 1,000, amma daga Maris na 2026 baligi wanda ba mazaunin birnin ba yen 2,500 zai biya, kusan ninki biyu na abin da ake biya a Matsumoto ko Osaka. Sannan wuri ne na tafiyar ƙafa da hawa. In za a haɗa da lambun Kokoen da ke gefe, awa huɗu ba ta yi yawa ba.

Matsumoto wata duniya ce dabam. Tana jihar Nagano, a wani kwari mai tudu tsakanin duwatsu, kuma daga tashar Shinjuku a Tokyo jirgin Azusa na kai mutum cikin kusan awa biyu da rabi, daga Nagoya kuma kusan awa biyu. Ita a fili aka gina ta, ba tudu, saboda haka ruwa ne garkuwarta. Gwalalon yana da faɗi, hasumiyar ta taso kamar daga cikin ruwan, baƙa wuluk da ratsin fari, inuwarta a ƙasa, in gari ya waye sarai kuma ga manyan tsaunuka masu ƙanƙara a bayanta. Baƙin nan fenti ne na ƙaron itace da ake sake shafawa duk shekara. Ishikawa Kazumasa da ɗansa Yasunaga suka gina ta wajen 1593 zuwa 1594, wato ta girme hasumiyar Himeji, kuma an gina ta ne lokacin da yaƙi bai gama kwantawa ba. Kana ganin haka a jikinta: tagogi kaɗan, kafofin harbi da yawa, da ramukan da ake sako duwatsu ta ciki kan mai ƙoƙarin hawa tushe. Hawa na uku ba shi da taga ta sosai, daga waje ba a ma san da shi ba.

Abin da na fi ƙauna a Matsumoto shi ne ɗakin kallon wata. Wajen shekara 40 bayan ginin farko, da zaman lafiya ya zauna, sai aka liƙa wa wannan baƙar hasumiyar yaƙi wani ɗan ɗaki a gefe, buɗaɗɗe ta ɓangare uku, da jan shinge a barandarsa, ba kafar harbi ko ɗaya. Ka fito daga duhu da ƙuncin benen yaƙi ka shigo nan, iska ta buge ka, ka fahimci da jikinka yadda ƙasar ta sauya tsakanin zamanin yaƙe-yaƙe da zamanin Edo, wato na mulkin gidan Tokugawa. Babu inda za ka ga waɗannan zamuna biyu manne da juna haka a gini ɗaya.

Tsiran wannan hasumiya ma aikin mutanen gari ne. A 1872 an yi gwanjonta, saura ƙiris a rushe, sai wani ɗan garin mai suna Ichikawa Ryozo ya tashi tsaye, aka riƙa shirya baje koli a cikinta ana tara kuɗi har aka ceto ta. Daga baya ta fara karkata, shugaban wata makarantar sakandare, Kobayashi Unari, ya jagoranci neman taimako aka gyara ta daga 1903 zuwa 1913. A hawa na biyu akwai tarin tsofaffin bindigogin toka da kayan haɗinsu, abin da ya sa cikinta bai kai na Himeji zama fayau ba.

Sai dai dole a faɗi gaskiya game da matakalarta. Tsakanin hawa na huɗu da na biyar akwai matakala da karkatarta ta kai digiri 61, kowane taki kusan santimita 40. Da tsani ta fi kama. Katakon ya yi sulɓi saboda ƙafafun mutane, kana sanye da safa, ledar takalmi na hannu ɗaya, ga katakon rufi daidai goshi. Masu hawa da masu sauka hanya ɗaya suke bi, ma'aikaci na tsaye yana tsayar da wani ɓangare don ɗayan ya wuce, shi ya sa layi ke tsawo a ranakun cunkoso duk da garin ƙarami ne. Hawa ba ya wahala kamar sauka. Mai ciwon gwiwa, mai juna biyu, ko mai ɗauke da goyo, ina ba shi shawara ya tsaya a farfajiya. Kewaya gwalalon kyauta ne, kuma rabin kyawun Matsumoto daga waje yake. Matakalan Himeji su ma suna da tsayi, amma sun fi faɗi da sauƙi.

In aka ajiye su gefe da gefe, Himeji ta fi girma da cika nesa ba kusa ba. A Matsumoto gidan da sarki ke zama ya ƙone tun 1727 ba a sake gina shi ba, yawancin ƙofofi da ganuwoyin waje sun tafi, cikin awa ɗaya da rabi ka gama. Amma garin kansa yana da daɗin zama, ba hayaniya, ga tsofaffin rumbunan 'yan kasuwa a titin Nakamachi, ga rijiyoyi da maɓuɓɓugan ruwa masu sanyi a unguwanni, ga hanyar zuwa kwarin Kamikochi daga tsakiyar Afrilu zuwa tsakiyar Nuwamba. Wanda zamansa a Tokyo yake, kuma yana so ya ga ƙauye da duwatsu ta tagar jirgi, Matsumoto ce tasa. Zuwa Himeji daga Tokyo ya kai awa uku a Shinkansen, kuɗin kuma ba kaɗan ba ne, sai dai in dama yana kan hanyar Kyoto ko Hiroshima, ya sauka ya sa kayansa a akwatin ajiya na tasha ya shiga gari. A Tokyo kanta ba hasumiya: ta fadar Edo, tsohon sunan birnin, ta ƙone a gobarar 1657, tushenta kawai ya rage a lambun gabas na fadar sarkin Japan.

Saura Osaka, wadda ta fi kowacce samun baƙi daga waje don tana tsakiyar babban birni, jirgin kewaye na JR da na ƙarƙashin ƙasa duk suna tsayawa a gefenta. Masu son kayan tarihi kan raina ta, kuma ina ganin sun wuce gona da iri. A fagen tarihi babu wadda ta kai ta nauyi. Hideyoshi ya fara gina ta a 1583 don ta zama cibiyar mulkin ƙasar da ya haɗe. A nan aka yi wa fadar ƙawanya a 1614 da 1615, inda Ieyasu ya kawo ƙarshen gidan Toyotomi, ɗan Hideyoshi mai suna Hideyori ya mutu, fadar ta ƙone. Daga 1620 gidan Tokugawa ya binne abin da ya rage a ƙarƙashin ƙasa ya gina sabuwa a kai, ita ma tsawa ta ƙone hasumiyarta a 1665. Wadda ake gani yau an gina ta a 1931 da ƙarfe da kankare, da gudunmawar mutanen birnin, kuma a yanzu ta fi duka biyun da suka gabace ta daɗewa a tsaye. Ciki hawa takwas ne, da lifta, da na'urar sanyaya ɗaki, da sulke da takardu da zane-zane a cikin gilashi, da cikakken bayanin rayuwar Hideyoshi da yaƙin 1615. Wanda ya shiga yana neman ƙanshin tsohon katako zai fito da takaici. Wanda ya shiga don ya san wa ya yi me, zai fito ya fi wanda ya je Himeji sanin labari, domin Himeji ba ta da kayan baje koli sosai.

Ainihin dukiyar Osaka tana waje, kuma kyauta ce. Ganuwoyin dutse da gwalalonta na zamanin Tokugawa ne na gaske, wani ɓangaren ya haura mita 30 daga gindinsa, babu irinsa a ƙasar. An ɗora wa daimyo da dama aikin, aka riƙa kawo duwatsu ta jirgin ruwa daga tsibirai, kowa ya sassaƙa tambarin gidansa a kan nasa, har yau in ka duba da kyau za ka gani. Kana shiga ƙofar Sakura za ka yi karo da wani dutse guda, fuskarsa kusan murabba'in mita 59, an ƙiyasta nauyinsa tan 108. Tsayawa a gabansa kaɗai ya isa a zo. Ƙofar Otemon da wasu ƙananan hasumiyoyin gadi ma na asali ne. Saboda haka ga wanda aikinsa ke Osaka kuma yamma ɗaya yake da ita, ga wanda ya zo da dattijo ko keken guragu ko ƙananan yara, Osaka ce zaɓin da ya dace, ba tare da jin an rage masa komai ba. Ga wanda ke da yini cikakke kuwa, abin da zan ce shi ne ya yi Himeji da safe, da la'asar ya zaga ganuwar Osaka, ya bar kuɗin shiga hasumiyar a aljihunsa.

Akwai wani tsammani da ke sa mutane fitowa ransu a ɓace, gara a kawar da shi tun a gida. Sarki ba a cikin hasumiya yake kwana ba. Hasumiya wurin tsaro ce da rumbun makamai da nuna isa. Zama da shari'a da karɓar baƙi a wani shimfiɗaɗɗen gida ake yi a ƙasa. Mai son ganin ɗakunan alfarma, zanen zinariya a bango, da inda manya ke zama gwargwadon matsayinsu, babu ɗaya daga cikin ukun nan da za ta biya masa buƙata. Nijo ce tasa, a Kyoto, wadda Ieyasu ya gina a 1603. Ita ba ta da hasumiya, tsawa ta ƙone ta a 1750, amma gidan Ninomaru yana nan, da katakon barandarsa mai ƙara kamar kukan tsuntsu duk inda ka taka, kuma a wannan fada ce shogun na ƙarshe, Tokugawa Yoshinobu, ya sanar da mayar da mulki hannun sarkin Japan a 1867. Ba matakala, ba hawa. Wanda ya haɗa Himeji da Nijo ya ga ɓangaren yaƙi ya ga ɓangaren mulki.

Mai gudun cunkoso yana da Hikone a bakin tafkin Biwa, ƙasa da awa ɗaya daga Kyoto, ko Inuyama a kan kogin Kiso, kusan rabin awa daga Nagoya. Dukansu na asali ne, ƙanana ne, matakalansu kuma ba sa wasa. Hasumiyar Nagoya ta kankare a rufe take tun 2018. Kumamoto, can kudu, tana farfaɗowa daga girgizar ƙasar 2016. An sake buɗe hasumiyarta a 2021, amma gyaran ganuwa zai ɗauki shekaru masu yawa.

Maganar sutura ba ƙarama ba ce a gare mu. Babbar riga ba ta hawa waɗannan benaye, a bar ta a masauki. Kaftani mai tsayin gwiwa da wando ya wadatar. 'Yan'uwa mata masu doguwar riga ko zani su sa wando a ciki, domin matakalar a tsaye take kuma akwai mutane a ƙasa, hijabin kuma ya zama wanda ba zai shiga ƙarƙashin ƙafa ba. A sa safa mai tsabta, mai kauri in lokacin sanyi ne, don katakon Matsumoto a Janairu yana ratsa ƙafa har ƙashi. Jakar goyo ta fi ta hannu, saboda hannu ɗaya na riƙe da ledar takalmi, ɗayan kuma dole ya kama makari. Yuli da Agusta zafi ne da gumi, benayen asali ba su da na'urar sanyi. Oktoba da Nuwamba sun fi daɗi: sama garau, ganye sun yi ja, jama'a ba su kai na lokacin sakura ba. In kuwa furen kake so kuma ka makara a Osaka da Himeji, na Matsumoto yakan buɗe bayan nasu, zuwa wajen tsakiyar Afrilu, saboda tudun wurin.

Ta fuskar abinci da salla, Osaka ta fi sauƙi, akwai gidajen abinci na halal da dama. A Matsumoto da Himeji sai ka yi tambaya, domin romon taliyarsu sau da yawa akwai naman alade ko giyar girki da ake kira mirin a ciki. Guzuri daga masauki ya fi kwanciyar hankali. Himeji kuma tana da wata fa'ida da ta ƙara mata nauyi a ma'aunina. Birnin Kobe yana kan layin jirgi ɗaya tsakaninta da Osaka, kusan minti 40 daga Himeji, kuma a can ne masallacin da ya fi kowanne daɗewa a Japan yake, wanda aka buɗe a 1935, ya tsira daga bama-baman 1945 da girgizar 1995. In ranarka ta faɗo Juma'a, ka shiga fada da ƙarfe tara, ka bar lambun Kokoen, ka kama jirgi kafin sha biyu, ka sauka a tashar Sannomiya. Daga nan tafiyar minti goma zuwa sha biyar ce da ƙafa, da ɗan hawa. Ka duba lokacin huɗuba tun daren Alhamis, kuma ka bar cin abincin rana sai bayan an idar, don a kewayen masallacin akwai shaguna da gidajen abinci na halal.